Gajeren Titin da Ya Cinye Mana Yini

Gella

Ana sallame Asuba muka shiga bas, ni da Baba, zangon ƙarshe na dawowa Mubi daga gudun hijira. Baba baduku ne, haifaffen Mubi, amma ya ƙulle kayansa ƙullin mai zarcewa Kano, garin kakanninsa.

"Titin tsakiyar gari zai raba gardama," in ji shi. "In muka ratsa shi ba wanda ya tare mu, garin ya mutu, sai motar Kano."

Tarihi nake koyarwa, amma ban taɓa karanta inda aka auna ran gari da ɓata lokaci ba.

Shingen sojoji

Aka sauke mu, muka taka, hannu a sama. Soja ya kwance ƙullin, ya tarar da basilla da zare, ya ce mu wuce.

Titin

Da hantsi muka hau keke mai ƙafa uku a unguwar Lamorde, cikin Mubi. Titin nan, ɗalibin da ya makara kan cinye shi kafin a gama taken ƙasa. Farkonsa ƙonannun shaguna ne, ƙofofi a ɓalle, tsit. Baba ya ƙanƙame ƙullinsa. Har mun hango tasha sai ga ihu daga rumfar Yakubu mai faci, ɗan ƙabilar Gude:

"Baduku! Kai bai mutu ba?"

"In mutu, wa zai ɗinke wannan abin kunyar da ke ƙafarka?"

A titin nan, wanda ya dawo ba ya gifta shago sai an zaunar da shi, a faɗa masa waɗanda suka rasu, a yi musu addu'a, sannan a yi masa tsiya. Yakubu ya miƙa mu ga Ba Modu mai huluna, ɗan Barno, wanda ya rasa ƙaninsa. Nan muka sha shayi da kuka. Ba Modu ya miƙa mu ga Hajja mai ƙosai.

"Malam," in ji mai keke, "sallame ni, raƙumi ma ya fi ku sauri."

Nassarawo

Ana kiran La'asar muka shiga gidanmu a unguwar Nassarawo. Tasha kuwa, Baba bai ko kalle ta ba, lokacin yana musu da wani tela. Godiya ga Allah da ya dawo da mu, da mutanen titin da suka hana mu sauri. Ko ruwa Baba bai sha ba ya zaro basilla, ya ce, "Miƙo min takalmin Yakubu, gobe da safe zai zo karɓa."