Tsaka Lamba Goma Sha Bakwai

Na kusa shanye kofin na ji wani abu ya taɓa mini leɓe. Na ɗauka ɓawon tsamiya ne ya tsere wa rariya. Na sauke kofin na leƙa, sai ga wani siririn abu yana mutsu-mutsu shi kaɗai cikin sauran zomkom, ruwan geron nan da muke damawa da citta da tsamiya. Wutsiya ce. Na waiwaya wajen robar da na bari a buɗe na tafi shanya, na ga mai wutsiyar tana fafutukar hawa bakin roba, jiƙe sharkaf. Tsaka.

Yau kwana shida ke nan da abin ya faru. Cikina wata bakwai, na fari. Maigidana direba ne, ranar yana kan hanyar Yamai. Ban tuna da likita ba, ban tuna da maƙwabta ba. Na rufe robar da faifai, na zauna daɓas a ƙasa na riƙe cikina, muryar Kaka kawai nake ji a kunnena.

A unguwar Zango muka tashi, kafin a watse kowa ya kama unguwarsa. Gidanmu babba ne, mu 'yan mata tara, 'ya'yan wa da ƙani. Kaka ita ke tuyar ƙosan yamma a ƙofar gida. In ta sauke kasko bayan magariba ba ta kashe wutar, sai ta ja garwashin gefe ta zuba mana gyaɗa a toka. Mu kuwa mu kewaye ta, kowa da ɗan tsinkensa na tono. Ƙamshin mai da hayaƙi ya kama zanenta har ya zama ƙamshinta. Kakanninta fataken goro ne, don haka duk tatsuniyarta sai an ɗaura kaya an kama hanya.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta buga mara a bakin kasko ta ce, "Ayari ya sauka, wa ke da masauki?"

Mu ce, "Kunnuwanmu!"

"To ku share su, baƙon nan ba ya son datti."

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta tsaka. Wai a zamanin da dabbobi ke fatauci, tsaka ce mai ɗanɗana wa ayari miya. Duk zangon da aka sauka sai ta bi tukwane ta lasa, ta ce wannan gishiri ya yi, wannan a ƙara daddawa. Amma in an zo rabon tuwo sai a manta da ita saboda ƙanƙanta. Ta yi haƙuri har aka kai Gwanja aka juyo. Rannan yunwa ta ishe ta, ta tafi wurin kububuwa ta roƙi ɗigon dafi guda, ta ajiye a kan harshenta. Ta dawo ta hau bango ta yi shela: duk tukunyar da ta tarar a rufe za ta gaishe ta ta wuce, wadda ta tarar a buɗe kuwa rabonta ne da aka hana ta. Sai ga wata yarinya ta ji kiɗa a dandali, ta bar ƙwaryar kununta a buɗe ta ruga. Ta dawo ta sha. Kafin gari ya waye jikinta ya yi dabbare-dabbare irin na tsaka, kuma da ta girma ta haihu, ɗan ma haka ya fito.

A nan Kaka takan ɗaga mara ta nuna bangon zaure inda fitila ke tara ƙwari. Kullum kuwa akwai ɗaya a wurin, ta kafe mu da ido. Ni sai in cusa kai cikin zanen Kaka. Yayata Safiya, wadda ta girme ni da shekara uku, ita sai ta matsa kusa da bangon.

"Kaka, in dafin yana kan harshenta, me ya sa ita ba ta mutu ba?"

"Ta saba da shi."

"To 'ya'yanta fa? Su ma sun je wurin kububuwar?"

"Ke, alƙaliyar Zango! Ana ba ki gyaɗa kina tambayar wa ya shuka." Ta jefe ta da ɓawo, mu yi ta dariya. Sannan ta kife mara ta ce, "Ayari ya tashi, kowa ya duba kwanonsa." Mu watse da gudu, kowa na neman murfi.

Tatsuniya ɗaya muka ji a bakin wuta ɗaya, amma ni tsoro na ɗauka, Yaya ta ɗauki tambaya. Ni na tsaya a lise, wato sakandare, na yi aure. Ita ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta shiga iniwasite, ta ce ilimin dabbobi za ta karanta. Baba ya yi murna, ya zaci likitar shanu za ta zama. Ta gama lisans, digirin farko, ta shiga mastar, ranar da ta faɗi abin da za ta yi bincike a kai murnar ta koma ciki. A kan tsaka ne, irin na bangon gidaje. Me suke ci, nawa ne a gida guda, ina suke kwana.

Shekara guda ke nan tana yawo a moto, wato babur, daga unguwar Paspanga zuwa Wemtenga zuwa nan Dassasgho inda nake aure, da tocila da rula da ƙananan kwalabe. Tana sallama gidajen mutane ta ce a ba ta izinin duba bango. Ta kama tsaka da hannunta, ta auna, ta rubuta, ta ɗiga mata jan farce a baya don ta gane ta in sun sake haɗuwa, ta sake ta. Har kashinsu take kwashewa ta kai laboratuwar, ɗakin bincikensu, ta duba a madubin ƙara girma, ta ƙirga fukafukan sauro da ƙafafun kyankyaso. Gwaggonninmu suna cewa, "Shekara biyar a iniwasite, an ƙare a kashin tsaka." Yaya ta sha gaya mini babu wani dafi. Nakan ce to, amma in ta zo duba bangona ina fita tsakar gida har ta gama.

Ita na kira ranar. Ban san me na faɗa ba, kuka ya fi maganar yawa. Ba a jima ba na ji motonta a ƙofa, ta shigo da farar rigar laboratuwar ba ta ko cire ba.

"Ramatu, kalle ni. Kin yi amai? Kina jin jiri? Yaron yana motsi?"

"Yaya, na sha. Zai fito da dabbare-dabbare."

"Ina take?"

Na nuna robar. Ta ɗaga faifai, ta sa hannu ta ɗauko ta kamar mai ɗaukar ɗan tsako, ta duba bayan tsakar. Sai na ga ta danne dariya. Ɗigon ja biyu a kafaɗa, ɗaya a ƙugu.

"Lamba goma sha bakwai! Ke ce? Sati biyu ina nemanki bayan almarin kwanuka, ashe kin koma sana'ar kakanninki ta ɗanɗano."

"Yaya, ina mutuwa kina gaisawa da ita?"

Ta sa tsakar a kwalba mai huda, ta wanke hannu da sabulu, ta durƙusa gabana. Ta ce ta buɗe bakin irin wannan ya fi a ƙirga, ta duba a madubi, babu inda dafi zai zauna. Wutsiyar ma tsoro ne ya sa ta yar da ita lokacin da kofina ya taɓa ta, wata za ta tsiro. Abin da kawai ake gudu shi ne datti, kamar yadda ake gudun ƙazantar kaza a abinci, don yana iya ɓata ciki. "Saboda haka tashi mu je a duba ki. Ba don tsaka ba, don ki ji da kunnenki."

A bencin asibitin unguwa muka yi jira. Ina ta duba hannuwana ko tabo ya fara fitowa. Yaya ta lura, ta riƙe hannun.

"Bari in karya alkawari," in ji ta. Ta ce lokacin da ta fara mastar, Kaka na da rai a gidan Kawu a Wemtenga, ido ya tafi amma baki na nan. Ta je ta zauna kusa da ita ta ce, Kaka, na bincika, tsaka ba ta da dafi. Kaka ta yi dariya har da tari.

"Ta ce, 'To ni na ce miki na taɓa gani? 'Yan mata tara a gida, ƙuda kamar a mahauta, ba mai rufe kwano. Da na ce ƙuda, wa zai ji tsoro? Amma kada ki gaya wa Ramatu, ita kaɗai ce ta riƙe karatun.'"

Na yi dariya da hawaye a fuskata, har matar da ke gefena ta matsa. Shekara goma sha biyar ina rufe kwano don tsoron ƙaryar da tsohuwa ta ƙera saboda ƙauna, ranar da na manta sau ɗaya kuma ga inda na kwana. Ina zaune a wurin na fahimci Kaka ba ta yi asarar ko ɗaya daga cikinmu ba. Ni ta ba ni murfi. Yaya kuwa, duk ɓawon gyaɗar da ta jefe ta da shi, ba ta taɓa ce mata ta daina tambaya ba. Da ta hana ta, da ranar ba ni da wanda zan kira. In Allah ya sauke ni lafiya zan ba ɗana tatsuniyar nan yadda na ji ta, da mara da kasko da komai. In ya tsorata ya rufe kwano, madalla. In ya matsa kusa da bango, sai in tura shi wurin innarsa Safiya.

Aka kira sunana. Ungozomar, wata dattijuwa mai tabarau, ta saurari labarin cikin Faransanci daga bakin Yaya, ta leƙa kwalbar, ta girgiza kai. Ta auna ni, ta shafa mini mai sanyi a ciki ta ɗora na'ura. Ɗakin ya cika da wani sauti, dum-dum-dum, da sauri kamar ƙaramin kalangu.

"Kin ji shi? Ko a jikinsa. In kin ga zazzaɓi ko zawo cikin kwanakin nan ki dawo, amma dafi babu, tabo babu. Ke da ɗanki lafiya lau kuke, madam."

Na ɗaga kai na dubi agogon bango, ƙarfe huɗu saura kwata, ana kiran la'asar. Can sama da agogon, kusa da fitila, wata ta kafe ni da ido. Yaya ta riga ta fara laluben jan farce a jakarta.