Sunayen Da Malam Maitama Ya So A Goge

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Maitama, shugaban ƙungiyarmu ta manoman masara a Bakori, bayan jinyar hawan jini a Funtua. Ni Lawal, shekara goma sha ɗaya ina yi masa sakatare.

Malam, ban san ta inda zan fara ba. Shekarar da mijin wata 'yar garinmu, Tasalla, ya rasu, kai ka kira gayya aka nome gonarta kafin ka taɓa taka. Tsohon babur ɗin nan naka da ba ya tashi sai an tura, babu majinyacin da bai kai asibiti ba. Muna yi maka tsiya a kansa, kana dariya.

Wannan yardar da aka yi maka ita ta ja mana. A wurinmu ba a tambayar manomi buhu nawa ya samu. Ko an tambaya, amsa ɗaya ce: an samu na tuwo. Amma da wani kamfanin taki ya zo yi wa manoma rajista shekaru biyu da suka wuce, ka ce a ba su haɗin kai, mutum ɗari biyu da sha biyu suka faɗi abin da ko ƙannensu ba su sani ba: lambar waya, inda gona take, buhun da aka samu, shanu, sunayen iyali. Ni na riƙe biro. Da aka zo kan sunan ɗanka na fari, wanda alkunya ba ta taɓa bari ka kira ba, sai ka sunkuyar da kai. Ni na rubuta: Mahadi.

Taki ya zo. Bayansa waya ta fara ƙara. Da fari masu tallar iri ne da maganin feshi. Daga baya sai muryoyin da ba sa tallar komai. Wani ya kira Jibril, ɗan ƙungiyarmu da ke noma a hanyar Dayi, ya faɗa masa yawan buhunansa da inda yake ajiye su, ya kashe waya. Jibril ya kwashe iyalinsa ya koma Funtua, gonar tana nan ciyawa ta cinye ta.

Tun daga ranar ban sake ganin dariyarka ba. Barista Chinaza, wata lauya haifaffiyar Funtua, ta gaya maka doka ta ba mu ikon neman a goge bayananmu. Sau huɗu muka rubuta. Kamfanin ya amsa cewa ya goge nasa, amma a ƙasan takardar da muka dangwala wa yatsa akwai ƙaramin rubutu na yarda a ba abokan hulɗarsu. Su wane ne, su kuma suka ba wa, har yau ba mu sani ba. A gadon asibiti ka kama hannuna ka ce, "Lawal, amana ce mutane suka ba ni, na miƙa wa baƙo."

Ranar sadakar uku, muna zaune a ƙofar gida, maiɗakinka Hajiya Hajo ta aiko mini da wayarka tana ƙara. Na ɗauka. Baƙuwar murya ce mai ladabi, ta yi ta'aziyya yadda ya kamata. Sannan ta ce, "To, Mahadi ne zai girbe gonar bakin rafi bana?"

Ina jin tsoro, Malam, ba zan ɓoye maka ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa kabarinka ya zama dausayin Aljanna, ya karɓi kyakkyawar niyyarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hajo da Mahadi da ƙannensa da dukkan 'yan ƙungiya, Allah ya ba mu haƙuri. Ya yafe wa hannun da ya riƙe biro, ya tsare duk sunan da ke cikin rajistar nan. Masararka ta bushe a gona, Malam, kuma Hajiya ta hana Mahadi zuwa.