Sarƙar Barsu

Ko tsufa ya kai ni ga manta sunan garinmu, ba zan manta Talatar da na dawo daga aiki na tarar da mutane cirko-cirko a ƙofar benenmu a unguwar Mansur ta Makka, kowa ya ɗaga kai sama ba.

Kafin nan, shekara huɗu na yi ina gadin tumakin kafilina, wato ubangidana, a bayan Makka, ni da wani jan kare da na raina tun yana kwikwiyo. Barsu na sa masa, saboda masu yi mini gori. Da kafilin ya sayar da tumakin ya mai da ni direba, sai ya ce in saki karen a jeji. Ina zan iya? Wanda ya taɓa kashe mini maciji a bakin bukka? Na taho da shi ɗakina da ke can saman bene.

Da farko da sauƙi. Akwai wani fili a gindin dutse, bayan asuba in kai shi a mota in kwance masa igiya. Ya yi ta gudu har harshe ya zazzago, mu dawo ya kwanta lamo. Rannan muka je muka tarar an kewaye filin da kwano, wai gini za a yi. Na gwada lambun unguwa, mai gadi ya daka mini tsawa tun daga nesa: "Mamnu'u, ya akhi!" Wato an hana. Na gwada wani lungu, wata tsohuwa ta jefe mu da takalmi. Gari guda, kyanwoyi na yawo abinsu, amma babu taku ashirin inda kare zai miƙe ƙafa.

Dole na ɗaure shi da sarƙa a bututun tankin ruwa da ke saman benen. Mako uku yana nan. Ya rage cin abinci, ya koma cizon ƙafarsa. Na gani sarai, na ce bari Juma'a ta zo mu fita bayan gari. Wannan jinkirin har yau yana ci mini rai.

Akwai wani dattijo a hawa na biyu, mutumin kirki ne, kullum yakan hau ya zuba wa tattabaru alkama a kan katanga don neman lada. Ranar Talatar nan, tattabarun suka sauka, Barsu ya daka tsalle ya ƙetare katangar, sarƙar ta riƙe shi ta wuya. Shi mutane ke kallo, yana reto a jikin bango.

Ban san yadda na haye hawa huɗu ba. A saman na tarar da dattijon da wasu maza biyu suna leƙe. Na jawo sarƙar, ko nauyi babu. Jikinsa da ɗumi, amma rai ya yi halinsa.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ɗaya ya ce, "Tun kafin kiran la'asar yake shure-shure, wallahi miskin."

"To me ya hana ku jawo shi?"

Dattijon ya ce, "Ya waladi, ɗana, da alwalarmu fa. In ya hauro ya lashe mana riga?"

Na ce, "Baba, sarƙa za ku ja! Ga tanki cike a bayanku, riga nawa ce ba za ta wanku ba?"

Aka tada iƙama suka sauka, suka bar ni durƙushe. Ƙato da ni, na yi kuka.

Na daɗe ina jin haushinsu, kuma har gobe ban ga uzurinsu ba. Ina jin haushin masu gine kowane fili ba su bar wa dabba ko kusurwa ɗaya mai shinge ba. Amma da hankalina ya dawo, sai na ga hannun da ya ɗaura sarƙar nawa ne. Tun daga ranar na san cewa mai rai ba abinci da ruwa kaɗai yake buƙata ba. In ba ka da inda za ka sake shi, to kada ka ɗaure shi ka ce so ne.