Kujerar Baba Yohanna

Cikin duk ranakun da na yi a shagon nan na Makera, wadda ta ƙi fita raina ita ce ranar da aka kawo mini kujerar Baba Yohanna. Wata Talata ce da hantsi, cikin daminar bara waccan, ina tsaye ina faɗa da mai kawo mana gam saboda ya sirka shi da ruwa. Sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofa, an lulluɓe wani abu a bayanta da barguna, kamar mara lafiya.

Mata biyu suka fito. Babbar ita ce Mama Rifkatu daga Narayi, matar marigayi Baba Yohanna, wanda ya yi shekaru yana kuku a gidan wani injiniya Bafaranshe da ke aiki a Kakuri. Ƙaramar 'yarta ce, Hannatu, ma'aikaciya a Abuja, kuma ita ta yi bayani, da sauri, Hausa na cin karo da Turanci. Ta ce da Baturen zai koma gida ya ba mahaifinta kujerar kakarsa, wadda ta haura shekara ɗari biyu. Yanzu wani dillalin kayan tarihi a Legas ya ga hotonta ya ruɗe. Ranar Juma'a za a tafi da ita, sai dai ƙafa ɗaya tana girgiɗi, ana so a ɗaure ta kafin tafiya.

"Orijinal ce, Malam Garba," in ji ta. "Don Allah a hankali. Ni Abuja na so a kai, Mama ta kafe sai nan."

Mama ta zauna a benci, ta ɗora jaka a cinya, tana yi wa kujerar irin kallon da ake yi wa ɗan da za a kai makarantar kwana.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, tsohuwar kujerar Faransa tana da alamunta: ƙafafu masu lanƙwasa, furanni a sassaƙe, gashin doki a cikin mazauni, da 'yan ramukan da ƙwaro ya ci. Maigidana marigayi Malam Ɗanlami, wanda na gaji shagon nan a hannunsa, ya ga irinsu a gidajen Turawa ya koyi yin su. Har tsufan ma shi yake yi. Yakan gasa wayar keke ya huda ramuka, ya shafa ruwan shayi da man takalmi, ya rataye kujera a ɗakin girkin matarsa hayaƙi ya ratsa ta. Kafin wata ya mutu ta cika shekara ɗari biyu. Mu ba ma ce wa kowa tsohuwa ce. Mai saye ne yake faɗa wa baƙinsa.

Ƙa'idarmu, ba a taɓa tsohon kaya sai an gwada shi. Na zari tsinken tsintsiya na zura a wani rami. Ƙwaro ba ya tafiya a miƙe, don haka a ramin gaske tsinke ba ya nisa. Nawa ya shige sumul har ƙarshe. Na kifa kujerar na ɓalle yadin ƙasa don in kai ga ƙafar. Babu gashin doki, audugar rimi ce. A jikin katakon da ya riƙe mazaunin kuwa ga baƙin rubutu da zanen lema, irin wanda ake bugawa a akwatunan da ake shigo da kayan inji. Malam Ɗanlami yakan sayi akwatunan nan a Kakuri, don ya ce katakonsu ba ya tsagewa.

Nan take na gane aikin maigidana ne. A zuciyata na ce, wato Baturen nan ya tafi da ta gaske, ya sallami bawan Allah da ta Makera. Na ji haushin mutumin da ban taɓa gani ba, na kuma ji tausayin tsohuwar ƙwarai. Sai na yanke in ɗaure ƙafa in mai da yadi in ja bakina, mutanen Legas su faɗa musu.

"Yaya dai?" in ji Hannatu.

"To, katakon nan dai daga Faransa ya zo," na ce. Wannan kam ban yi ƙarya ba.

Ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, ta fita waje kiran dillali. Tana fita Mama ta yafito ni.

"Malam Garba, kana tsammani kafintoci sun ƙare ne a Narayi?"

Na matso kusa da ita, ta ci gaba.

"Ni na rako Yohanna shagon nan. A nan na zauna, benci kawai kuka canja."

Ashe kujerar gaske Baturen ya ba su. Lokacin sun tare a sabon gidansu ba a yi daɓen siminti ba, gara ta hau ta ƙafafu, damina ɗaya ta gama da ita. Ana cikin haka aka ce Baturen zai dawo ziyara da Kirsimeti. Kunya ta hana Baba Yohanna barci, ya kwashi abin da ya rage a buhu ya kawo wa Malam Ɗanlami.

"Na faɗa wa yarinyar nan ba sau ɗaya ba," in ji Mama. "Ta ce don kar a sayar nake ƙirƙira. In ka yi shiru, ranar Juma'a za ta sa mini ita a mota. In sun gano a Legas, wa zai dawo mini da ita? A bola za ta ƙare. Ka nuna mata, ɗana."

Da Hannatu ta dawo na miƙa mata tsinke na ce ta zura da kanta. Na nuna mata audugar rimi, na nuna mata lemar. Na gaya mata sunan wanda ya yi, da inda ya rataye ta. Waya na kuka a hannunta ba ta ɗauka ba, ta juya ga Mama.

"Baba ya sani?"

"Shi ya kawo aikin," in ji Mama.

"To shi Baturen da ya zo fa?"

"Ya zauna a kai, ya shafa ta, ya yi hawaye. Ya ce har yanzu tana ƙamshin gidan kakarsa."

Hayaƙin murhun matar Malam Ɗanlami ne, amma ban ga amfanin tsoma baki ba. Hannatu ta fashe da dariya har ta dafa bango, can kuma dariyar ta juye, ta sa gefen gyale tana share ido.

Na ɗaure ƙafar na tayar da kujerar, na ɗauko samfefa, takardar goge katako, don in goge wani wuri a hannun dama da fenti ya tafi, katakon ya lotsa ya yi sheƙi. Mama ta riƙe mini hannu.

"Nan kar ka taɓa. Nan yake ɗora hannu in yana jin labarai a rediyo."

Na ajiye samfefar. Na zaga kujerar nan kaf, duk tsufan da ke jikinta na san yadda aka yi shi, zan kuma iya yin irinsa kafin sati, ban da wannan wurin. Hannatu ta sa tafin hannunta a kai, ta kashe wayar.

Shi ya sa, ku yaran shago, kuke ji ina hana ku goge kayan mutane kafin ku tambaya. Tsinken tsintsiya zai gaya muku ko kujera ta gaske ce, amma ba zai gaya muku abin da mai ita ya zo nema ba. Na kusa raba tsohuwa da kujerar mijinta don tausayi. Tana nan a Narayi har yau, kuma na ji Hannatu ta sa an yi wa ƙafafunta maganin gara.