Wayar da Ta Nuna Hanyar Ruga

A Tudun Wada idan aka ce man shanu, to na Juwairiyya ake nufi. Masu sayarwa suna nan da yawa, Allah ya ba su kasuwa, amma nasu sai ka soya ka yi ta tambayar kanka ko saniyar ta taɓa ganin ciyawa. Nata kuwa, in ya hau wuta, maƙwabta sai sun leƙo gaisuwar da ba su yi niyya ba.

Wajen uwar mijinta ta gaji sana'ar, tare da asirinta: wata ruga can bayan Dutsen Abba, inda wata Bafulatana mai suna Jannatu ke ajiye mata mai kowace Alhamis. Da man nan ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, wanda har ya koma ga Allah yana zaton kasuwar Giwa take zuwa. Zinariya, mai teburin da ke kallon nata, ta taɓa bin sawunta a kan acaɓa. Juwairiyya ta lura, ta shige gidan sunan mutanen da ba ta sani ba, ta ci shinkafa, ta fice ta ƙofar baya.

Wannan mata ce ɗanta Adnan ya aiko wa babbar waya daga Kaduna, irin ta shafawa.

Wayar nan akwai tambaya. Ka buɗe nan ta tambaya, ka taɓa can ta tambaya, duk da Turanci. Juwairiyya kuwa ba a yi mata tarbiyyar hana baƙo abin da ya roƙa ba, balle baƙon da ɗanta ya turo. Duk abin da ya fito sai ta danna shuɗin maɓallin, ta ce, “Bismilla, ɗauki.” Wata Alhamis ta ɗauki hoton ƙoren Jannatu jere a gindin ɗorawa, don Adnan ya ga inda kuɗin makarantarsa ya fito. Wayar ta yi tambayarta. Ta danna shuɗin.

Ba a daɗe ba, wata safiya ta ratso gonaki ta iso ruga, sai ga Zinariya zaune a kan tabarmar da ita Juwairiyya ta saba zama, ana dama mata fura.

“A'a, Yaya Juwairiyya! Sannu da hanya. Ashe da nisa haka kike wahala?”

Juwairiyya ta amsa gaisuwa, don ba ta da zaɓi, ta koma gida da rabin man da ta saba. Kai tsaye ta faɗa gidan maƙwabciyarta Malama Comfort, malamar firamare, ta dire mata wayar a cinya.

“Maman Evans, duba min munafukar nan. Ita kaɗai na taɓa kaiwa wurin.”

Comfort ta sa tabarau ta yi ta shafawa. Ga taswira, ga zare shuɗi ya tashi daga ƙofar gidan Juwairiyya, ya bi titi, ya ratsa gonaki, har kwanar da take yi don ɓad da sawu. Kowace Alhamis an ajiye ta daban. Ga hoton ƙore kuma an manna shi a taswirar da kowa ke iya buɗewa, da sunanta ɓaro-ɓaro a ƙasa.

“Ke kika yarda, Maman Adnan. Sun tambaye ki.”

“Da wane yare? In na tambayi Bature da Fulatanci ko zai ba ni gidansa, ya gyaɗa kai, shi ke nan gida ya zama nawa? Su wa ye ma su?”

“Kamfani ne, can ƙasar waje. Suna tara inda mutane ke zuwa, su san tallan da za su nuna musu.”

“To ni me na tsare musu? Man shanu suke ci? Mijin da ya biya sadakina bai san hanyar nan ba, sai wani ƙato da ko gaisuwar rasuwarsa bai zo ba!”

Comfort ta kashe abin da ke bin sawu, ta share tafiye-tafiyen, ta sauke hoton, ta nuna mata maɓallin ƙi, wani fari-fari da aka ɓoye a gefe kamar abin kunya.

“Saura Zinariya,” in ji Juwairiyya. “Ita ina ake danna mata?”

Nan ne ilimin Comfort ya ƙare.

Jannatu dai ba ta ga laifin kowa ba, masu saye biyu sun fi mata ɗaya. Yanzu man Tudun Wada mai ƙamshi a tebur biyu ake samunsa, kuma ranar Alhamis mota ɗaya matan ke shiga, don ɓuya ba ta da sauran amfani. Zinariya kan matsa mata wuri, har ta ce ta kawo ƙwarya ta riƙe mata.

“Riƙe taki,” Juwairiyya kan ce, tana kallon taga. “Kin riƙe min isasshe.”