Kunnen Gwaggo Halo ƙalau yake

Gwaggo Halo dai shekararta goma sha tara a teburin nan na bakin ƙofa a wani kamfanin kayan gini, ita ke ɗaukar waya ta haɗa wannan da wancan, babban ofis da shago da sito duk ta hannunta kira yake bi. Sunan ma daga halo-halon ɗaukar waya ta samo shi, yanzu har jikokinta haka suke kiranta. Gajeriya ce, gilashi kullum a karan hanci, kuma tun daga gyaran murya take gane mutum kafin ya yi sallama. Direba zai kira sai ta ce kai ne mai jar mota, matarka ta sauka kuwa?

To wata biyu da suka wuce sai abu ya fara. Mai sito zai kira, wani dattijo mai tumbi da suka fara aiki shekara ɗaya, sai ta ji maganarsa tana guntulewa, rabi ya zo rabi ya ɓace kamar mai magana a bayan fanka. Ta ce na'am, ya maimaita, ta sake cewa na'am, kunya ta kama ta. Shi kuwa ras yake jin ta, sai ya fara ɗaga murya, sauran 'yan sito ma haka. Ta tuna mahaifiyarta ma a irin shekarun nan kunnenta ya tafi, kuma wa zai bar kurma a kan waya? Ba ta gaya wa kowa ba, ko maigidanta. Ta ɗiga magani, ta goge da auduga, ta sauya kunne, duk a banza. Ta yanke cewa ƙarshen wata za ta shiga wurin Manaja ta ajiye aiki da kanta kafin a ce mata ta tafi.

Ranar Talata Injiniya ya zo, shi ne mai duba musu kwamfuta da wayoyi, ya durƙusa ƙarƙashin teburinta yana sauya wata igiya. Ta sunkuya ta roƙe shi ya ƙara mata ƙarar wayar amma kada kowa ya sani. Daga can ƙasa ya tambaya a hankali ko lafiya, ta ce kunne ne ɗan nan, ya fara tafiya. Ya fito ya tsaya yana kallonta.

"Gwaggo, raɗa fa na yi yanzu kika amsa min."

Ya shiga jero tambaya, a gida fa? Ta ce har ɗigar famfon maƙwabta tana ji. Mutanen shago? Tsaf. Masu kira daga waje? Tsaf. Sito ne kawai. Ya ce shi a kwamfutarsa duk layukan lafiya suke nunawa kuma ba wanda ya taɓa kawo masa ƙara, amma bari ya ji da kansa. Ya ɗauki wayarta ya kira sito, ko minti ɗaya bai yi ba ya ce na'am sau uku.

"In kurmancewa ce to tare muka kurmance."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi sito, ita ta zauna jira, ko shayinta ta kasa sha. Ashe kyamarori takwas ne aka kafa a sito wata biyu baya, aka jona su a layin intanet ɗaya da wayar, ba dare ba rana suna tura hoto babban ofis, sun cushe hanyar fita, murya sai ta kutsa da ƙyar. Hanyar shiga kuwa ba kowa a kai, shi ya sa su suke jin ta sarai. Ya zare igiyar kyamarorin ya ce wa mai sito kira ta yanzu.

Ta ɗauka, muryar ta daki kunnenta gaba ɗaya ba guntu, har ƙarar baro da ake turawa a bayansa ta ji. Ta cire gilashi ta goge ido da bakin mayafi.

"Malam rage murya, za ka fasa min dodon kunne."

Nan mai sito ya fara kame-kame, wai su 'yan sito sun haɗa baki ne kada wanda ya kai ƙara wurin Manaja, sun ɗauka kunnenta ne ya tafi, gara su rufa mata asiri, ita ma uwa ce. Ta ce Allah ya saka da alheri, amma wannan rufin asirin saura ƙiris ya zaunar da ita a gida, shi da wannan tumbin nasa bai taɓa tunanin waya ma tana ciwo ba? Ya ce to ke kin yi tunanin? Suka yi ta dariya har wani kiran ya shigo.

Injiniya ya saita na'urar ta riƙa ba murya hanya kafin hoto, ya mayar da kyamarori, shi kenan. Da ta koma gida ta zayyana wa maigidanta komai, ya ɓata rai wai wata biyu tana cin tuwonta da damuwa ita kaɗai, da ta tambaye shi ai da ya gaya mata, matar da tana tsakar gida take jin ya buɗe firji a ɗaki. Ta ce to yanzu ma rufe firjin nan, ina jin ka.