Mai Kunne da Gilasan Giwa

"To ni me na yi mata? Shekara ashirin da biyu ban taɓa bari ta kwana da ƙishin mai ba."

"Kawu, ban ce ka yi mata komai ba. Cewa na yi ka yi shiru na minti ɗaya."

"Ni da motata a ce in yi shiru?"

Mai Kunne ya matsa kusa da motar. Ya durƙusa ya manna kunnensa a jikin ƙofar direba, ya lumshe ido, ya yi wa kawun nasa alama da yatsa ya danna maɓallin gilashi. Kawu ya danna da ƙarfi kamar mai kashe kunama. Ko ƙas ba a ji ba.

Wannan ɗabi'ar ce ta ba shi sunan. Aikinsa gyaran wutar mota, amma da rediyo ya fara, a wani ɗan shago mai taga ɗaya, inda ya shekara tara yana sauraron shuu da ƙiii har ya san ciwon rediyo tun kafin ya kwance bayanta. Da mutane suka daina kawo rediyo, sai ya tattara filaya da dalma da ƙwan gwajinsa ya koma wata rumfa a ƙarshen layin makanikai. Sauran masu gyara suna fara aiki da sukurudireba, shi kuwa da kunne yake farawa. Da farko dariya ake yi masa, ana cewa likitan mata masu ciki ya zo. Yanzu in mota ta gagare su, su ne ke turo ta rumfarsa a ɓoye.

Motar da ke gabansa yau tsohuwar jif ce mai ruwan toka, wadda Kawu ke kira Giwa. Kawu tsohon direban babbar mota ne, da ya ajiye aiki ya saye ta, kuma tun daga ranar ba ya zuwa ko bakin layi da ƙafa. Gilasanta huɗu duk sun daina motsi. Makon jiya ruwan sama ya tare su a hanya, gilashin Inna, matar Kawu, yana ƙasa ya ƙi tashi, ta iso gida kamar an tsamo ta daga rijiya. Shi ne ta yanke hukunci. Yau da la'asar za ta zo ta danna da hannunta. In gilasai ba su tashi ba, mai sayen tsoffin ƙarafa zai ja Giwa gobe da safe, kuma 'ya'yan Inna duka suna goyon bayanta.

"Wurin mutum biyu na kai ta kafin kai," in ji Kawu. "Ɗaya ya canza fis, ɗaya ya canza maɓalli. Duk a banza."

"Sai da ta gagara aka tuna da ɗan ƙanwa."

"Kai ɗin da na san ranar da aka haife ka? Da wane ido zan ba ka Giwa?"

Mai Kunne ya yi murmushi. Ya ce wa Kawu ya ci gaba da danna maɓallin kada ya saki, shi kuma ya kama ƙofar yana kaɗa ta a hankali, ya buɗe, ya tura, ya buɗe. Da ƙofar ta kai rabi sai aka ji wani ɗan gurnani a ciki, gilashi ya yi ƙasa da faɗin yatsa biyu ya tsaya.

Kawu ya zabura. "Ta yi magana!"

"Ta yi. Kawu, sau nawa kake buɗe ƙofar nan a rana?"

"Sau nawa kuwa? In shiga, in fita."

Mai shayin da ke gefen rumfar ya tuntsire da dariya. "Alhaji, ji tsoron Allah. Daga bakin titi zuwa nan sau biyar ka tsaya ka wangale ƙofa kana gaisawa. Ina kallo."

"To in wuce mutane kamar ban san su ba? Gaisuwa ta taga ta yara ce. Babba ƙofa yake buɗewa."

Mai Kunne ya ja robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, wadda wayoyi ke bi ta cikinta. Ya nuna masa. Wayoyi uku sun karye saboda lanƙwasar shekaru, suna taɓa juna ne kawai in ƙofa ta tsaya a rabi. Ta nan wutar duk gilasan ke wucewa. Ya yanke, ya ƙara sabuwar waya, ya narka dalma, ya naɗe kowace da kyau. Ba ya sauri, kuma ba ya son a tsaya masa a ka, amma Kawu ya tsaya masa a ka har ya gama.

Aka danna. Gilasai uku suka motsa, amma da ƙyar, suna nishi kamar tsoho a kan matakala. Na huɗun, na kujerar bayan direba inda Inna ke zama, ko gezau.

Mai Kunne ya cire murfin ƙofar, ya zura hannu, ya fito da shi baƙi ƙirin har wuyan hannu. Ya shinshina. Ya dubi kawunsa.

"Kawu, mene ne wannan?"

Kawu ya kalli sama. "Ɗan mai ne."

"Baƙin mai? Wanda aka juye daga inji?"

"Duk ƙarshen wata nake ɗiga mata kaɗan a hanyar gilashi. Mu a babbar mota, abin da duk ya yi ƙara baƙin mai ne maganinsa."

"Babbar mota ƙarfe ne a kan ƙarfe. Nan roba ce. Mai ya kumbura ta, ƙura ta zauna a kai, ya zama kamar danƙo. Ƙaramin injin da ke jan gilashin Inna ya yi ta fama har ya ƙone. Nata ka fi zuba wa ko?"

"Don nata ya fi santsi," in ji Kawu a hankali.

Mai shayi ya buɗe baki zai yi magana, Mai Kunne ya harare shi, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Wanke hanyoyin gilasan ya ci awa biyu, da tsumma da ruwan sabulu da tsohon burushin haƙori. Uku suka dawo suna hawa da sauka sumul. Amma injin da ya ƙone ya ƙone. Mai Kunne ya zaga layin 'yan kayan gyara shago shago, kowa ya juya injin a hannu ya ce irin wannan sai an aiko, mako biyu ko uku. Ya dawo rana ta karkata.

Kawu ya matso ya rage murya. "Ka ɗaga gilashin sama ka tokare da katako. In ta zo mu ce ya gyaru, maɓallin ne ke hutawa."

"Innar da ta ce da hannunta za ta danna? Kawu, ni ba zan yi mata ƙarya ba, kai ma ba ka iya ba. Amma akwai hanya ɗaya." Ya ƙwanƙwasa ƙofar direba. "Injin ƙofarka da na ƙofarta iri ɗaya ne, gefensu ɗaya. In na cire naka na sa mata, nata zai yi aiki. Naka zai zauna a rufe sai an samo wani."

Kawu ya dubi tagarsa. Ta wannan tagar yake ɗora gwiwar hannu, ta nan yake yi wa 'yan babur faɗa. Ya shafa gilashin da tafin hannu.

"Cire," ya ce. "Yi maza kafin in canza ra'ayi."

La'asar na yi Inna ta sauko daga motar haya, da jakarta a hammata. Ba ta kalli mijinta ba.

"Ɗana, sannu da aiki. Ya uwar taka?"

"Lafiya lau, Inna. Bismillah."

Ta shiga kujerarta ta zauna daram, ta danna. Gilashi ya sauka. Ta danna, ya hau. Ta maimaita har sau huɗu, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta miƙa hannu ta gwada na gefenta, ta sa aka gwada na gaba. Sannan ta nuna ƙofar direba.

"Saura wancan."

"Wancan ba ya yi, Inna," in ji Mai Kunne. "Injinki ne ya ƙone, babu irinsa a kasuwa yau. Kawu ya ce a cire nasa a sa miki."

Sai a lokacin ta dubi Kawu. Shi kuwa ya duƙufa yana duba tayar da babu abin da ya same ta.

"Shi ya ce, ko kai ka ce?"

"Ni na kawo shawara, shi ya ce cire."

"A wannan zafin zai zauna a rufe?"

"Mako biyu ko uku."

Inna ta gyara mayafinta, ta ɗora jakar a cinya. "Huɗu na ce, uku na gani." Ta sake duban Kawu. "To ai sai ka shigo ka ja mu, malam. Ko a nan za mu kwana? Mai ƙarafan nan kuma ka kira shi da kanka, ka ce kada ya wahalar da kansa."

Kawu ya faɗa kujera kamar saurayi. Ya tayar da Giwa, ya kai hannu kan maɓalli zai sauke gilashi ya yi sallama, ya tuna, ya yi ta ɗaga hannu ta bayan gilashi yana faɗin abin da ba wanda ya ji. Inna ce ta sauke nata ta ce, "Wai ya ce Allah ya yi maka albarka."

Mai Kunne ya wanke hannu a bokiti, ya goge a gefen wando. Can ƙarshen layi wani makanike yana ɗaga masa hannu, tsaye kusa da wata farar motar ɗaukar kaya da fitilunta ke ƙiftawa su kaɗai. Ya ɗauki filaya da ƙwan gwaji, ya ce wa mai shayi ya duba masa rumfa, ya nufi can.